Shef ɗin da Kaka ta sa wa albarka

Jiya ina wanki na zaro wata takarda daga aljihun wandon ɗana, duk ta sha man ƙosai. Hoton wani ƙato ne da baƙar alkyabba, ya wage baki yana dariya, gari na ci da wuta a bayansa. Ƙamshin man nan da tsohuwar takarda ya sa na zauna a kan turmi, hannuna duk kumfa. Na san irin dariyar nan.

Muna yara, mai ƙosan unguwarmu da irin waɗannan takardu take ƙunshe wa mutane. Wani ne ya kawo mata tulin littattafan hotuna daga Damagaram, tana yaga tana naɗewa. Yayana shi ke bi yana tsincewa, ya shanya a kan danga, ya ɗinke da zaren buhu. Rubutun Faransanci ne, shi kuwa aji biyu ya yi a lakwal, wato makarantar boko, sai dai mu bi hoto. Shafukan ƙarshe ba su taɓa zuwa hannunmu ba, wani ya ci ƙosansa ya yar. Shi ya sa a littafinmu ba a taɓa kama mugun ba. Jarumin kullum ga shi a ɗaure, ko ana dukansa. Mugun kuwa yana da gida, da yara, da kujera.

Da kaka, in an baje gyaɗa a tsakar gida tana shan rana, sai yaran unguwa su taru a yi wasan littafin. Kowa so yake ya zama shef-bandi, wato shugaban ɓarayi. Jarumi ba mai so. Ni ake ba, don ni ce ƙarama, a ɗaure ni a turken akuya har in yi kuka.

Kakarmu, mahaifiyar babanmu, kunnenta ya yi nauyi. Ita shef ɗin da ta sani shi ne mai rawani na Kance, wanda ake faɗuwa a gaishe shi. Wata rana tana ɓarar gyaɗa ta kira yayana.

"Kai mijin nan nawa marar cefane, me na ji kana cewa za ka zama?"

"Shef, Kaka."

Ta tofa a tafin hannunta ta shafa masa a ka. "Allah ya ba ka. Ya ɗora ka a kan mutane, a ji sunanka a yi shiru."

Muka ce amin muna ƙunshe dariya. Ba wanda ya gyara mata.

Da yayana ya tasa ya bi manya cirani Najeriya. Shekara biyu yana dawowa da damina, ta uku bai dawo ba. Daga baya wani ɗan garinmu ya ce ya hango shi a kan babur, cikin mutanen dajin nan da ba a ambata da ƙarfi. Kaka ta rasu tana tambaya ko shef ɗinta ya aiko. Malam ya ce mini addu'ar tsohuwa ba ta ɓata yaro, in daina wannan tunani. Na ce to. Amma ni ma fa na ce amin ranar.

Yanzu yara a waya suke kallo, har ƙarshe, suna ganin an kashe mugun. Na zaci wannan zai isa. Da ɗana ya shigo, shekararsa bakwai, na nuna masa takardar, na ce me ya gani a wurin wannan mummuna.

Ya ce, "Inna, jarumin kullum yana can yana taimakon mutanen wani gari. Wannan kuwa yana gidansa, ba wanda ya isa ya taɓa nasa."

Babansa yana Legas tun da aka gama girbi. Yau da safe na kira shi, na ce ya dawo kafin ruwa ya sauka, ko da hannu wofi ne. Ya ce, "Lafiya dai?"

Na ce lafiya lau, yaron ne ke girma.