Hotunan Shamuwar da Na Ƙona

Da wannan daminar, shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Habu, wanda mutanen Kinkinau suka sani da Habu Mai Hoto. Duk shekara addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda wata tambaya da 'yarsa Safiya ta yi mini.

Ɗan ƙaramin shago gare shi, hoton fasfo da na biki da suna su ne abincinsa. Amma da zarar hadari ya fara haɗowa, shamuwa ta sauka, to Yaya ya zama ba namu ba. Da sassafe zai hau babur ya nufi bayan Rigachikun, wurin wata tsamiya a bakin fadama inda shamuwa ke sheƙa. Can zai zauna cikin tsohuwar riga ruwan ƙasa, ko tari ba ya yi, har ƙafarsa ta sage. Mahaifiyarmu takan ce ita ta haifi ɗa, tsuntsaye sun ƙwace mata.

Ni nake shan labarin, don ni kaɗai ce ba na korarsa. Zai baza mini hotuna a tabarma, kowanne ya rubuta kwanakin 'ya'yan tsuntsun a bayansa da biro. Ga ranar da suka ƙyanƙyashe, tsirara, sai baki. Ga uwar ta buɗe fikafikai ta yi musu inuwa da tsakar rana. Ga uban ya dawo da fara da kwaɗi yana ɗura musu. Yakan ce, "Kin ga, Hadiza, uwa da uba duk aiki suke yi. Ki kai wa mijinki wannan ya gani." Ni kuwa in ce masa ya fara nuna wa kansa, tunda ya bar matarsa da goyo ya tafi renon 'ya'yan wasu.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, kwana huɗu kacal, a tsakiyar damina. 'Ya'yan shamuwar waccan shekarar ba su ma fara tashi ba. Safiya tana da shekara huɗu.

Bayan sadakar bakwai, Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyarmu, ya kira ni zaure. Malamin allo ne, mutum mai tsoron Allah, kuma yana son Yaya ƙwarai. Idonsa jajir ya ce mini, "Hadiza, hoton mai rai nauyi ne a kan wanda ya yi shi. Na fasfo lalura ce, amma waɗannan na tsuntsaye babu abin da ya tilasta masa. In kina ƙaunar yayanki, ki rage masa kaya."

Ban tambayi kowa ba. Matarsa tana cikin takaba, ban ko leƙa na shawarce ta ba. Da hantsi na jawo akwatin ƙarfen da yake ajiye hotunan a ciki daga ƙarƙashin gadonsa, na kai bayan madafa, na hura wuta. Aikin shekara tara ne, har da fim ɗin da ake wanke su da shi. Ina sakawa ina kuka, ina jin kamar ina sauke masa dutse daga ƙirji. Wallahi a ranar ban ji na yi laifi ba, gani nake na yi masa gata na ƙarshe.

Daga baya na ji malamai sun sha bamban a kan hoton kyamara, wasu suna tare da Kawu, wasu suna da wata fahimtar. Ni ba malama ba ce, ban zo yanke hukunci ba, kuma ban riƙe Kawu a zuciya ba, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Gaggawata ce take ci na. Kayan marainiya ne na ƙona, ba nawa ba. Da mahaifiyarta ta sake aure aka ba ni riƙon Safiya, ta fara wayo tana tambayar hotunan babanta, sai na ce mata gara ta cinye. Ƙaryar nan ta girma tare da ita.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Kowa da kyamara a aljihu, har jikokin Kawu ba sa cin abinci sai sun ɗauke shi hoto. Na san Yaya zai yi tsaki ya ce duk suna ɗauka, babu mai zama ya kalla. Bara na bi ta wajen Rigachikun, na tarar bulo ya cinye gefen fadamar, tsamiyar ma ban gane inda take ba. Wannan ne zai fi yi masa ciwo, don babu sauran shaidar cewa shamuwa ta taɓa renon 'ya'ya a wurin.

Watan jiya wata kurciya ta yi sheƙa a tagar ɗakin girkinmu. Safiya, wadda yanzu ta kai sha shida, ta hana kowa buɗe tagar, hayaƙi ya yi ta cin idonmu har mako uku. Kullum tana laɓe da waya a hannu. Ran da 'ya'yan suka fito da gashi ta kawo mini hoton da ta ɗauka in gani, sai ta ce, "Goggo, irin wannan Baba yake ɗauka? Wai ko guda ɗaya garar nan ba ta bari ba?"

Na zaunar da ita na gaya mata komai. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta tashi ta bar mini wurin, kuma da ta yi haka ba zan ga laifinta ba. Amma ba ta yi ko ɗaya ba. Can ta ce, "Kin dube su kafin ki saka a wuta?"

Na ce ɗaya bayan ɗaya.

"To ki gaya mini abin da ke ciki."

Ta ɗauko littafin makarantarta da biro, na fara. Ina tsammanin duk suna kaina, ashe shekaru sun yi nasu cin. Daga cikin akwati guda, goma sha ɗaya kawai na iya tunawa sosai. Ta rubuta su, tana tsayar da ni tana tambayar launin ƙafar tsuntsun, ni kuwa wani wurin sai in ce ban sani ba.

Abin da ya rage na aikin Yaya Habu ke nan a duniya: shafi biyu da rubutun 'yarsa, daga bakin wadda ta ƙona shi. Ya yi kaɗan, kuma ni na jawo. Da ta rufe littafin na ce ta yafe mini, ta ce ta yafe. Saura shi, wanda ba ni da hanyar tambayarsa. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa in mun haɗu ya saurare ni.