Safar Hannun Lamba Bakwai

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, amma yammacin da na tsaya a bakin filin wata makaranta a Unguwar Sarki ina kallon babban mutum yana yi wa safar hannu faɗa, wannan kam ba zai bar ni ba har in koma ga Allah.

A zamaninmu malamin wasanni ya san gidan uban kowane yaro. Ka yi fashi kaɗan, sai ka ji ƙararrawar kekensa a ƙofar gida. Yanzu mai horarwa daga wata unguwa yake zuwa, ya busa usur, ya hau babur ya tafi. Ban ce na da sun fi kirki ba. Garin ne ya yi faɗi.

Wasan da nake magana a kai sofbol ake ce masa. A jefo ƙwallo, mai sanda ta doke ta ta ruga, 'yan ɗaya ɓangaren kuma suna warwatse a fili, kowace da ƙatuwar safar hannu ta fata, suna cafkewa. A Japan na fara ganinsa lokacin da aka tura ni kwas, ban kuma taɓa zaton zan gan shi a Kaduna ba, sai ga jikata ta shigo gida da sandar a kafaɗa. Yarinya ce mai shiru-shiru, wasan ne ya buɗe mata baki. Shi ya sa na damu da ta same ni wata rana ta ce ta daina.

"Amaryata, ba dai tsufa ya kama ki kin riga ni ba?" na ce mata.

"Kai dai tsoho, ka bar ni kawai."

Ba ta yi dariya ba, ita da kullum take ramawa. Uwarta ta ce mini ba ta cin abinci sosai, kuma ranar horo tun safe take fara ciwon ciki. Na ce to ta shirya, ni zan raka ta in gani da idona.

Bayan la'asar muka isa. Damina ce, hadari ya haɗu ta gabas, hasken ya koma wani iri kamar na tsohon hoto. Filin shiru. Na sa ran ganin 'yan mata cike, sai na ga huɗu kacal har da tawa. A sauran wuraren da ya kamata mutane su tsaya, safar hannu ce a ajiye a kan ciyawa, bakinta a buɗe yana kallon sama.

Mai horarwar tsohon ɗan wasa ne daga ƙetaren kogin Kaduna, dogo, mai kaushin murya. Da kansa ya tara kayan wasan, yana kuma son abin har zuciyarsa. Sai dai ba ya kiran yara da suna, da lambar rigarsu yake kira. Wadda ta daina zuwa kuwa, sai ya ajiye safarta a wurin tsayuwarta, wai don sauran su ga giɓin da ta bari. Na ga masu horarwa masu zafi a Masar, na ga masu sa yara rusuna wa fili a Japan, amma ban taɓa ganin wannan ba.

Ya ɗaga sanda ya doki ƙwallo can gefen hagu, inda babu kowa.

"Lamba bakwai, kina barci ne? Raguwa. Ki zauna a gida, mu muna nan."

Ƙwallon ta faɗi nesa da safar. Ta gangaro a hankali a kan ciyawa, ta yi kamar za ta tsaya, sai iskar hadari ta taso, ta ƙarasa ta shige cikin safar ta zauna daram. Na san gangara ce da iska. Duk da haka na kasa ɗauke idona daga kan safar.

"Yau kam ta cafke," in ji shi, yana dariya shi kaɗai. "Wata ta ɗauko mini."

Babu wadda ta motsa. Ƙaramar cikinsu ta rufe fuska da hijabinta. Jikata ta buɗe baki ta ce, "Koci, lamba bakwai ai..."

"Ke lauyarta ce? Ba a kawo mini uzurin wadda ba ta nan. Zagaya fili."

Na tare ta a gefen fili kafin ta yi nisa. Na tambaye ta me ke faruwa, ta yi ƙasa da murya kamar mai tsoron safar ta ji.

"Ta rasu, Kaka. Tun farkon damina. Zazzaɓi ne. Shi bai sani ba."

Ashe lamba bakwai ce ta fara fashi. Kocin ya ɗauka gudun wahala ne, ya ajiye safarta. Yaran sun ji rasuwar a makaranta, amma duk wadda ta fara maganar sai ya katse ta, ga kuma nauyin yaro ya kai wa babba irin wannan labari. Suka yi ta kallo yana zagin mamaciya duk ranar horo. Daga nan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ƙara safa a kan ciyawa.

Na kira shi gefe, na ce ya zauna. Ya ce, "Baba, muna tsakiyar aiki." Na ce ya zauna dai. Da ya zauna, na faɗa masa lamba bakwai ta rasu. Ya juya yana kallon safar da ƙwallon a cikinta, har yayyafi ya fara sauka.

Washegari na raka shi Badarawa ta'aziyya. Mahaifin yarinyar direba ne, Bakatsine, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure ya karɓi gaisuwa da haƙuri. Muna shirin tashi sai muryar uwar ta fito daga bayan labule.

"Shi ne kocin? Allah sarki. Tana kwance kullum sai ta tambaya ko wani ya zo daga fili. Ta ce in ka zo a ba ka haƙuri, ba da gangan take fashi ba."

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a zama ɗaya ba sai ranar.

Bayan haka ya bi gidajen yaran da ƙafa, daga Abakpa har Badarawa, yana sallama yana tambayar sunan kowace. Wasu sun koma. Jikata ba ta koma ba. Na lallashe ta har na gaji, ta ce ba ta jin haushinsa, amma ba za ta iya tsayawa a filin nan ba. Yanzu ta yi aure har da 'ya'ya, ba ta sake riƙe sandar ba.

Abin da na koya shi ne, idan yaro ya daina zuwa, aikin mai horarwa bai ƙare a bakin fili ba. Ya je ya ji dalili kafin ya yanke hukunci. Shi dai kocin nan, har ya bar aikin, duk yarinyar da ta yi fashi sai ya taka gidansu.