Shekarar da Na Yi Shuka Bisa Ƙanƙara

Shekarar da kabu-kabu ya kayar da ni bakin kasuwar Tawa, ƙafata ta karye wuri biyu. Mai babur ya kakkaɓe wandonsa ya wuce, ni aka ɗaure. Ɗana ma'aikacin gwamnati ne mai son doka. Ya ajiye ni ɗakin baƙinsa, ya ce ba komawa ƙauyenmu Barmu, ba gona, sai likita ya yarda. Bazara ce, rufin kwano na zubo wuta, damina ta kusa. Ni kuwa tun da na iya riƙe sungumi ban taɓa rasa shukar ruwan farko ba.

Don in daina damunsa, ya tono wata tsohuwar na'urar wasa da ya zo da ita daga Abijan yana saurayi, ya jona ta da tele, igiya biyu gare ta, kowane ɗan wasa da tasa. Kaset ɗaya ke ci, shi ma sai an hura masa iska kamar ana tofi. Wasan mutanen ƙasar sanyi ne. Wasu 'yan guntaye masu siffar bulo ke sulɓi bisa ƙanƙara, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani baƙin ƙuli-ƙuli.

Abokin karawata taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, da ke shigowa daga Barmu duk Lahadi cin kasuwa.

"Gurgu, an tashi lahiya?"

"Bawana, zamna ka kama igiyarka."

Na yi lakwal, makarantar boko, aji uku kafin malaminmu mushe ya gaji da ni, don haka ni ke fassara masa rubutun da ke fitowa. Ba Faransanci ba ne, amma shi bai sani ba. Kullum rubutun cewa yake ni na ci.

Wani lokaci biyu daga cikin guntayen kan yar da sanduna su dambace. Wanda ya sha ƙasa sai a ja shi zuwa wani ɗan akurki a gefe.

"Mi ya yi?" in ji taubashina.

"Ya hwaɗi."

"Wanda ya buge shi hwa?"

"Ga shi can yana yawonshi."

Ya dubi ƙafata, ya dubi ƙofa. "Ashe shari'arsu irin ta ɗanka ce."

Na yi dariya, amma daga ranar in aka kulle nawa, agogon akurkin nake kallo. Shi ko ba komai ana nuna masa saura nawa.

Ruwan ya sauka wata Asabar da la'asar. Na roƙi ɗana, har na ce a ɗora ni bayan mota kamar rago. Ya nuna ƙafata kawai.

Lahadi taubashina bai zo ba, ba mai cin kasuwa ranar shuka. Na kunna wasan na mutum biyu. Mutanensa suka tsaya cak, raga a buɗe, ba wanda zan yi wa gori. Sai na riƙa jan nawa daga wannan gefe zuwa wancan, layi bayan layi, sanda a ƙasa.

Bayan magariba ya kira waya.

"Na shuke gonarka kahin tawa. Na karkata layukkan, don a san ta gurgu ce."

"Da irin wa?"

"Naka mana. Na buɗe rumbunka."

Na ce masa ɓarawo. Sai aka ɗauke kuran, tele ta mutu, ƙanƙarar ta ɓace. Na zauna ina shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta tagar da ta fi ƙarfin tsayina.