Dattijon Bencin Baya

Ina tsaye gaban allo da safiyar Talata, ruwan Douala na dukan kwano har ba a jin magana sosai, sai direktan makarantarmu, Mesye Abbo, ya shigo ba sallama, rigarsa a jiƙe. Ya ce, "Madam Hadiza, ajiye allin nan. Baba Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun Asabar yake kwance a asibiti, amma dukkanmu mun ɗauka hawan jinin ne da ya saba, zai tashi. Ajin da ke jikin nawa nasa ne, taswirar da ya rataya ranar Juma'a tana nan a ƙusa, yara suna zaune suna sa ran ganinsa. Ni aka tura in gaya musu, kuma tunda na fara koyarwa ban yi aiki mai nauyin wannan ba.

Malam Hamidu haifaffen unguwarmu ta New Bell ne, aminin mahaifina tun suna yara, shi ya sa na tashi ina kiransa Baba. Labarin ƙasa ya karanta, kuma ban san wanda ya ƙaunaci fanninsa kamarsa ba. In tsautsayi ya sa kuka jero da shi bayan an ɗauke ruwa, to ka haƙura da saurinka, domin sai ya tsaya a bakin kwata ya nuna maka hanyar da ruwan unguwarmu ke bi zuwa kogin Wouri, da dalilin da ya sa yake dawo mana cikin ɗakuna idan teku ta cika. Mahaifina kan ce, "Hamidu, mu dai kwashe ruwan za mu yi, ba tarihinsa muka tambaya ba."

Makarantar da ya yi wa aiki iyayen unguwa ne suka haɗa hannu suka gina, don kada 'ya'yansu su riƙa ratsa gari kullum. Ciwonta ɗaya ne, malamin lissafi ba ya zama. Da ya goge sai wani kamfani a Bassa ko wani banki a Bonanjo ya ɗauke shi. Wata shekara malamin ya tafi ana tsakiyar zango, aka nemi wani aka rasa. In babu lissafi babu ajin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, kuma kowa ya san abin da rufe ajin yake nufi a nan: samari su hau bensikin, wato babur ɗin haya, su fara ɗaukar fasinja, 'yan mata su koma gida, don ba kowane uba ne zai iya kuɗin mota zuwa wata unguwa safe da yamma ba. Aka yi taro, malamai kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Baba Malam ya ce, "Ku ba ni." Rabonsa da lissafi tun yana ɗan makaranta.

A lokacin ban daɗe da fara koyar da lissafi a wata lise, wato sakandaren gwamnati, wajen Bassa ba. Ya zo gidanmu bayan la'asar, ya ce, "Dije, zan riƙa zuwa ajinki duk Laraba."

Na ce, "Baba, duba ni za ka zo yi?"

Ya ce, "Karatu zan zo."

Kunya ta kama ni. Na ce ya bari ni in riƙa zuwa gidansa, in koya masa a falo ba wanda ya sani. Ya girgiza kai. "A falo lissafi kawai za ki koya mini. Ni so nake in ga inda yara ke tuntuɓe, in ga abin da kike yi idan sun faɗi. Wannan sai a aji."

Haka kuwa aka yi. Duk Laraba yana bencin baya, da furfurarsa da babbar rigarsa, gwiwoyinsa sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur sai ya zauna a karkace. In bai gane ba sai ya ɗaga hannu kamar kowa, ya ce, "Pardon, Madam, a maimaita." Mutumin da ya ci tuwon sunana ke kirana Madam. Da farko yara suna ƙunshe dariya, daga baya suka gane tambayar da suke jin nauyin yi ita yake yi musu, sai suka fara rige-rigen zama kusa da shi. A unguwa kuwa magana ta yi yawa. A teburin mai shayi aka ce Malam Hamidu ya koma ɗalibin 'yar cikinsa. Da maganar ta iso kunnensa cewa ya yi, "Gemu ba ya hana ilimi, kuma kunya ba ta cin jarrabawa."

Ba zan ce ya zama gwanin lissafi ba, don shi kansa ba zai yafe mini wannan ƙaryar ba. Shekarar farko sakamakon bai yi kyau ba. Wani uba ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce an ba makaho jagorancin 'ya'yansu. Baba Malam ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Ashiya, ka yi haƙuri. In ka samo mai ido, gobe zan ba shi allin." Ba a samo ba, shi kuma bai ajiye ba, ajin bai rufe ba. Abin da tsofaffin ɗalibansa suka fi tunawa shi ne, in aka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa ba ya kame-kame. Cewa yake, "Yau ban sani ba. Ku ba ni zuwa Alhamis." Kuma Alhamis ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba. Sannu a hankali sakamako ya gyaru. Cikin yaran nan yau akwai ma'aikaciyar jinya, akwai masu aiki a ofisoshin Bonanjo.

Abin da ba a gani ba shi ne abin da ya rasa. Matarsa, Goggo Asabe, ta gaya mini ya naɗe taswirorinsa ya ɗora a kan kabad, damshin garin nan ya cinye rabinsu. Shekarun ƙarfinsa duka a kan darasin da ba nasa ba suka tafi. Wata rana na karanta masa a waya cewa masana a ƙasashe da dama, har da masu arziki, suna bincike a kan malaman da ake ɗora wa darasin da ba fanninsu ba, da irin taimakon da suke bukata. Ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi ya ce, "Ashe ba ni kaɗai ne maraya ba. In kin samu hanyarsu, ki ce musu a ba mutum benci da ranar Laraba. Ba a ba shi alli a juya masa baya ba."

Da na dawo koyarwa a unguwa na karɓi lissafin, aka mayar masa da labarin ƙasarsa. Ranar da ya sake rataya taswira na ji muryarsa ta bango kamar ta saurayi. Bai daɗe yana cin wannan daɗin ba, wa'adi ya yi. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Bayan sadakar bakwai Mesye Abbo ya same ni a tsakar gidan marigayin. Ya ce, "Bon, Madam, jarrabawa ta matso, labarin ƙasa ba malami. Na nema, wallahi na nema. In ba a samu ba, ajin…" Bai ƙarasa ba.

Na ce, "Mesye, ni lissafi na karanta. Kogunan ƙasar nan ma ban iya jero su ba."

Goggo Asabe tana zaune a tabarma cikin takabarta, carbi a hannu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Dije, ai kin san inda ake zama."

Larabar da ta wuce na hau mota na haye gada zuwa Sodiko, inda wani tsohon ɗalibina, Musa, yake koyar da labarin ƙasa. Ya ruɗe, ya kawo mini kujerarsa. Na ce a'a, na wuce bencin baya. Gwiwoyina suka ƙi shiga ƙarƙashin tebur, na zauna a karkace, sai a lokacin kukan da na riƙe tun ranar Talatar nan ya zo. Na share fuska, na ɗaga hannu na ce, "Pardon, Mesye, a maimaita." Ranar Alhamis na shiga ajin Baba Malam, ba a rufe shi ba.

Ya Allah, ga bawanKa Hamidu ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa yadda bencin duniya bai yalwatu gare shi ba. Ka sa kowane harafi da ya koya don ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Goggo Asabe da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsaya musu a bayansa. Yaran da ya bari a aji, Ka ba su sa'a. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.