Hayaƙin da Kawu Sale Ya So Gani

Hannuna na cikin bolar bayan shagon Oga Sunday mai hoto, a Dutsin-Ma, yaron shagon ya shaƙo wuyan rigata yana ihun ɓarawo. Ranar kasuwa ce, a bazarar 1984, shekarar canjin kuɗi. Rigar makaranta ce jikina, duk toka, ga mutane sun fara taruwa. Ni kam ban ko waiwaya ba, tonona kawai nake yi, don fim ɗin Kawu Sale nake nema, kuma an riga an cinna wa sharar wuta.

Kawu Sale ƙanen innarmu ne, wurinshi na tashi a Makera. Ya yi aikin awo lokacin da ake gina dam, kuma wani Bature da suka yi aiki tare ya bar mashi madubin hangen taurari da tsohuwar kyamara. Mutanen gari igwa suke ce wa madubin. Kullum bayan isha'i, yara na dandali suna langa, 'yan mata na gaɗa, shi yana bayan rumbu ya kafa igwarshi. Ƙasan taurarin nan uku da suke jere akwai wani ɗan fari-fari kamar hayaƙi, shi ne abin ƙaunarshi. Sai idonshi ya fara dushewa. Farko ƙananan taurarin nan 'ya'yan Kaza suka ɓace mashi, daga baya hayaƙin ma ya tafi. Ya ce mani fim ba kamar ido ba ne, tara haske yake kamar randa ƙarƙashin indararo. In muka ɗauki hoton aka buga shi babba, zai sake ganinshi kafin idon ya rufe.

Matsalar, sama tafiya take. Dole wani ya zauna yana murɗa noti a hankali a jikin katakon da Kawu ya ɗora igwa da kyamara a kai, igwa na bin tauraro, in ba haka ba kowane tauraro sai ya ja wutsiya. Ni kuwa kowa ya san ni. In an aike ni kiwon awaki a gan ni rafi, in an kai ni aji in fita ta taga. Inna takan ce, “Wannan yaro ko a kabari sai ya yi juyi.” Kawu ya yi dariya ya ce, “Lawal, idonka nake aro, ƙafarka kuwa ka bar ta ƙofar gida.”

Mun ɓata fim da yawa. Daren da ya yi kyau, sai da Kawu ya bi maƙwabta yana roƙo a kashe fitilu, har mai ƙosai ta rufe murhunta tana mita. Yana jan carbi, duk ƙwayar da ta faɗi in ɗan murɗa. Cinnaka ta shiga wandona ta yi ta cizo, hawaye na zuba, amma ban motsa ba. Ban taɓa zama haka don kowa ba.

Da na koma karɓar hoton, Oga Sunday ya ce, “Yaro, fim bai kama ba. Ba mutum ko ɗaya, sai ɗigo kamar kashin ƙuda. Na zubar.” Ba mugunta ba ce, tausayinmu ma ya ji. Shi ya fito ya ƙwace ni hannun yaronshi, ya tsuguna muka tona tare. Guntu ɗaya muka samu, zafi ya nannaɗe gefenshi. Ya gwada bugawa, takarda ta fito baƙi ƙirin. Shi fuskar ango da amarya ya iya.

Na kai wa Kawu guntun. Ya ɗaga shi ga rana ya daɗe, sannan ya miƙo mani ya ce, “Ajiye. Allah ya kai mu baɗi.” Hadari ya taso, taurarin suka faɗa yamma, muka shiga shuka da noma. Kafin a yanke gero Kawu da sanda yake zuwa masallaci. Gara ta cinye katakon. Ni ma ban ƙara taka makaranta ba, na bi wata babbar mota na zama yaron mota.

Guntun nan ya yi shekaru cikin laya a wuyana. Sai wani zuwa Kaduna na nuna wa wani tsohon mai hoto, ya ce in dawo gobe. Hoton ya fito. Na tsaya bakin titi riƙe da shi, ga fitilu ko'ina, na ɗaga kai ban ga ko taurari ukun ba. A Makera sama muke da ita ba hoto, ranar kuwa ga hoto a hannuna, mai son gani ba ido.

Rubutuna ba kirki, shi kuma ba ya karantawa, sai na sayi kaset na yi magana, na ba direban Dutsin-Ma:

“Kawu, ni ne Lawal. Ina gaisuwa, a gaida Inna. Hayaƙinka ya fito. Kamar audugar rimi yake da iska ta buɗe, tsakiyar fari tas. Kuma Kawu, taurarin duk ɗigo ne. Ko ɗaya bai ja wutsiya ba.”