Layin da Kabo Ya Ja a Wuyan Surayya

A jikin bangon ɗakin injin niƙana da ke Gafasa akwai zanen wata mata tsaye a bakin rafi, ta juyo kamar an kira sunanta. Kabo mai fenti ne ya zana ta. Labarinsa nake son bayarwa, don na gaji da jin masu cewa taɓin hankali ya same shi a ƙarshen rayuwarsa. Ƙalau yake. Tsoro ne ya kama shi, kuma a gabana aka yi.

Kabo mutumin Balan ne, ta wajen Gaya. Shi da fartanya ba su taɓa jituwa ba, sai ya tafi Kano ya koyi fenti wajen masu zanen bayan manyan motoci, ya dawo yana yi wa shaguna allo. Bokonsa bai taka kara ya karya ba. In zai rubuta allo sai an rubuta masa a takarda ya kwafa harafi bayan harafi. Matarsa Hanne ce mai karatun. Takan aro littattafan labarai na Hausa wajen ƙawayenta, da la'asar yana wanke burushi da kananzir a tsakar gida, ita tana karanta masa da ƙarfi, tana sauya murya in an zo maganar mugu.

Kullum cikin mita yake da marubutan. "Malalata ne, Bappa," yakan ce mini. "Sai su ce wai kyakkyawa ce son kowa, shi ke nan sun wuce. Hancin fa? Wa suka bar wa?"

Shi suka bar wa. Duk wanda Hanne ta karanto sai Kabo ya nema masa fuska, kuma a cikinmu yake arowa. Wani azzalumin attajiri na cikin littafi ya fito a bayan wata a-kori-kura da fuskar wani mahauci na kasuwar Gaya, har da giɓin haƙorinsa. Mahaucin ya daɗe ba ya amsa masa gaisuwa. Shagon aski, rumfar mai shayi, bayan tirela, ko'ina mutanen littattafan Hanne ne.

Ni zangarniyar gero na ce ya zana mini. Na je gona na dawo na tarar da mace a bangona. Na yi ta faɗa. Ya ce Surayya ce, ta cikin wani littafi, wadda mijinta ya tafi kamun kifi bai dawo ba, take zuwa bakin rafi jiransa. Da na dube ta da kyau sai na ga wushirya, na ga ɗan tabon da ke gefen gira. Na ce, "Kabo, ba ka da kunya, wannan ai Hanne ce." Ya rantse Surayya ce. Ranar da Hanne ta kawo niƙa ta gani, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, tana dariya tana cewa Allah ya shirye shi.

Hanne ta rasu da damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ba ta son hoto, na jikin katin zaɓenta kuwa ko ita ba ta gane kanta a ciki ba. Abin da ya rage na fuskarta a duniya shi ne bangona.

Mai karatu ta tafi, amma mutanen littattafan ba su bi ta ba. Ya ce mini da rana tsaka, yana dama fenti, sai ya ji suna tsaye a bayansa, shiru, kamar masu jiran a sallame su. Ana cikin haka ya ji wani mai wa'azi na cewa duk wanda ya zana abu mai rai, ranar ƙiyama za a ce ya busa masa rai, kuma ba zai iya ba. Tun muna yara muke jin wannan magana, amma ranar ce ta shige shi. Ya zo wurina ya ce, "Ka san yawansu kuwa, Bappa? Duk za a jera mini su suna kallona."

Wani malami ya ce masa in aka ja layi aka raba kai da gangar jiki, zanen ya tashi daga mai rai. Ni ba malami ba ne, ban san ingancin maganar ba, amma Kabo ya riƙe ta hannu bibbiyu. Ya ɗaure gwangwanin baƙin fenti a bayan kekensa ya shiga gari-gari: Gaya, Toranke, Ajingi. Yakan tsaya a tasha yana jiran motar da ya zana tun da ƙuruciya, ya roƙi direba, ya ja wa mutumin jikinta layi a wuya. Mutane na dariya. Ni ban yi ba, don na ga fuskarsa in ya dawo, kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

Bangona ya bari ƙarshe. Yakan zo ya jingine keke, ya tsaya ya dubi Surayya, ya juya ba tare da ya buɗe gwangwanin ba. Tausayinsa ya yi ta cina, haushinsa ma haka.

Wata rana da hantsi ya zo, ya rame, yana tari, ya buɗe gwangwanin. Na kashe inji na fito.

"Kabo, bangona ne. Ban yarda ba."

"Bangonka ne," ya ce, "amma ni za a tambaya."

Na ja gefe na ba shi wuri. Ya tsoma burushi ya ɗaga. Na juya baya, don ba zan iya kallo ba. Matan da ke jiran niƙa suka matso suna kallo.

Da na waiwayo, ga layin nan baƙi siriri daga wannan gefen wuya zuwa wancan. Sai dai bai tafi a miƙe ba. Ya ɗan lanƙwaso ƙasa, kuma a tsakiyarsa akwai ɗigo guda yana reto. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, sarƙar ta yi mata kyau."

Kabo bai dubi tsohuwar ba. Ni ya duba, idonsa cike da hawaye.

"In mata sun gani, sarƙa ce. In an tambaye ni, layi ne." Sannan ya rage murya. "Bappa, don Allah, kana ganin za a karɓa?"

Duk Gafasa an san bakina ba ya mutuwa, amma ranar na rasa ta cewa. Ya jira, ya ga ba zan yi magana ba, ya rufe gwangwaninsa ya tura keke ya tafi. Kafin kaka aka aiko mini daga Balan cewa ya rasu. Allah ya jiƙansa. Da na sani, da na ce masa za a karɓa.