Yadda Baba Lambu Ya Koya Mini Tafiya da Baya

Abin da na fara lura da shi ranar da Abbana ya kai ni gidan Baba Lambu a McLeansville, nan Amurka, shi ne ƙofar gaba. An shafa mata koren fenti, mariƙinta yana walƙiya, amma gizo-gizo ya yi mata saƙa daga sama har ƙasa. Kun dai san shi: kowa ta ƙofar kicin yake shiga, har liman.

"Ƙofar gaba ta mai gida ce," in ji shi.

Abba ya ce, "To Baba, ai kai ne mai gidan."

"Ni? Ni mai lambu ne. Ku zagayo!"

Tun yana saurayi wani Bature ya tafi da shi daga Katsina zuwa wani ƙauye a Ingila, ya yi shekara da shekaru yana kula da lambun wani katafaren gida. Da aka buɗe gidan ga masu zuwa kallo, shi ya koma mai zagayawa da su. Da ya tsufa 'yarsa ta kawo shi nan tare da matarsa Hajiya Asabe. Hajiya takan ce gangar jikin kawai aka ba ta, sauran yana can.

Ga abin da ya kai mu. Ina aji bakwai, kuma tun da aka buɗe makaranta ban taɓa buɗe baki a aji ba. Malamarmu ta ɗauka ban iya Turanci ba, ni da aka haifa a Greensboro! Ta ce ko in tsaya gaban aji in yi minti biyar ina ba da tarihin wani wuri, ko a mayar da ni ajin masu koyon Turanci. Sati huɗu ta ba ni. Abba ya ce mutum ɗaya ya sani da ba ya iya yin shiru.

Baba ya dube ni ta saman tabarau. "Zuwaira, ya makaranta?"

Na sunkuyar da kai.

"Madalla. Ba ta katse mutum. Za mu shirya."

Asabar ta farko ya ba ni tarihin ƙauyen. Wai kakan kakan mai katafaren gidan ya leƙa ta taga wata safiya, ya ga hayaƙin girkin talakawa ya tare masa wani tudu da yake son kallo. Sai ya sa aka rushe ƙauyen duka, aka sake gina shi a bayan tudun. Coci kawai aka bari, ita kaɗai a tsakiyar ciyawa kamar an manta da ita. Anti Rifkatu, maƙwabciyarsu 'yar Jos, tana taya Hajiya gyaran alayyahu. Ta ajiye wuƙa.

"Baba, wannan ai azzalumi ne!"

"Azzalumi ƙwarai," in ji shi. Ya lumshe ido. "Amma Rifkatu, da kin ga tudun!"

Asabar ta biyu na ga ramin. A can Ingila, in ji Baba, ba a yi wa babban gida katanga, don kada ta ɓata kallo. Dogon rami ake haƙawa a ƙarshen ciyawa, daga gida ba a ganinsa, tumaki kuma ba sa iya tsallakewa. Shi ma ya haƙa nasa a bayan gida, shi da ko kaza ba ya da ita. Muna tsaye sai ga Alhaji Mamman na Maradi da farar babbar riga, ya yanke ta ciyawa yana waya. Muna ganinsa, sai muka ga hula kawai.

"Wayyo! Baba, wane irin abu ne wannan?"

Baba ya leƙa ramin cikin natsuwa. "Don tumaki aka yi shi, Alhaji. Kai ne na farko da ya gwada mini shi."

Dariya ta kufce mini. Baba ya juyo da sauri. "A'aha! Ashe da murya a ciki."

Daga nan aka shiga aiki. Ya ce mai zagayawa da baƙi ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar mai laifi, da baya da baya yake tafiya, fuskarsa na kallon mutane. Ƙafa tana neman hanya, tsoro ba ya samun wurin zama. In kuma ka yi karo da wani abu, kada ka ce yi haƙuri, tarihinsa za ka bayar. Haka na yi ta ja da baya a falonsa mai kujera uku, ina nuna wa Hajiya ɗakin karatu da ɗakin rawa, ita kuma tana cewa in yi hankali da fulas ɗinta.

Ranar ta zo. Na tsaya gaban aji da takardata a hannu. Na ga agogo, na ga wani zare da ya fito a rigar malama, amma kalma ko ɗaya ban gani ba. Sai ƙafata ta dama ta ja baya da kanta. Ta hagu ta bi. Na ji wata murya tana cewa a biyo ni a ga inda ƙauyen yake a da. Ashe tawa ce. Ina cikin labarin cocin na yi karo da kwandon shara, ya kife. Na nuna shi na ce, wannan kuma mai gidan ne ya sa aka kawo shi daga ƙasar waje, don Allah kada a taɓa. Har malama sai da ta riƙe ciki. Da kanta ta tsayar da ni, wai lokaci ya wuce. Ba a sake maganar canza mini aji ba. Na zauna, ban taɓa jin daɗin kujera irin na ranar ba.

Da na ba Baba labari, tambaya ɗaya ya yi. "Kin faɗa musu kyan tudun?"

"Na manta, Baba."

"Haba! To me kika yi ta faɗa musu?"

Bazarar shekarar ya rasu, bayan gajeren ciwo. Ranar zaman makoki mata sun cika falon, kowa na ba da nasa labarin, ana kuka ana dariya. Ni ina kusurwa ina ta maimaitawa a zuci: Allah ka jiƙan Baba, ka yalwata masa makwanci, ka ba shi lambun da ya fi wanda ya bari. Sai na ga a zuci kawai bai isa ba, ba ga mutumin nan ba. Na matsa na taɓa gwiwar Hajiya Asabe.

"Hajiya, don Allah ki ce su ɗan saurara. Ina so in yi wa Baba addu'a, kuma ina so a ji."